Ɗalibi Mai Albashi: Hanyar Injiniyanci da Ba a Buɗe wa 'Ya'yan Dangoma Ba

Wanda ya tsaya a Dangoma ya ƙidaya manyan makarantun da ke kewaye da shi ba zai ce an yi wa ƙasar Gwandu rowa ba. Garin yana cikin mazaɓar Dangoma/Gayi ta ƙaramar hukumar Kalgo, kuma a wannan ƙaramar hukumar, a Unguwar Jeji kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, aka gina mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, da tsangayarta ta injiniyanci. A Birnin Kebbi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wadda ta daɗe tana yaye masu difloma a fannin lantarki. Kowacce daga cikinsu mai babur zai je ya dawo ya ci tuwon dare a gida. Saboda haka idan aka ga da wuya ɗan manomi ko ɗan makiyayi daga irin waɗannan garuruwa ya zama injiniyan na'urorin lantarki, kada a ɗora wa nisa laifi. Abin da ya shiga tsakaninsa da digirin shi ne shekara biyar da zai yi bai kawo ko kwabo gida ba, alhali gidan ya riga ya sa shi a lissafin masu ciyar da shi.

Digirin injiniya a Nijeriya shekara biyar ne, shi ma idan ba a yi yajin aiki ba; a 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas cur tana yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ajujuwa a garƙame. Saurayi ɗan shekara 18 a ƙauye kuwa ba yaro ba ne. Shi ke riƙe garma, shi ke kwana a fadama gadin injin ban ruwa, shi ke kora dabbobi kasuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya a rukunin masu fama da talauci ta fuskoki da dama, Kebbi kuma tana cikin jihohin da suka zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage zafi, domin yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, amma bashi ne, kuma cikin ɗalibin kaɗai yake cikawa, ba ya mayar wa gida ƙarfin da aka zare daga gona. Don haka uba mai hankali yakan bi hanyar da ya sani: ya kai yaron shagon wani oga a Kalgo ko Birnin Kebbi, ya koyi wayarin ko haɗa sola ko gyaran waya. Kafin shekara ta zagayo yaron ya fara samun na kashewa, bayan uku ko huɗu a yaye shi. Ba za a ga baiken uban ba. Sai dai yaron zai ƙware a hannu ne ya tsaya nan. Ranar da na'urar miliyoyin naira ta tsaya a kamfani, ba shi za a kira ba, daga Legas ko Indiya za a ɗauko mai dubawa. A ganina akwai hanya ta uku, wadda wasu ƙasashe suka fi shekara ɗari suna bi, Nijeriya kuma ta mallaki kusan duk kayan haɗa ta: a ɗauki matashi aiki tun ranar farko da takardar yarjejeniya da albashi, ya raba shekarunsa tsakanin masana'anta da aji, a sa abin da ya koya a bakin aiki cikin makin jarrabawarsa, ya fita da cikakken digiri.

Wani zai ce me Kebbi za ta yi da injiniyan na'urorin lantarki. To, a bi shinkafar fadamar Gulbin Rima a ga inda take sauka. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, casar shinkafa ta zama babbar masana'antar jihar. A Agustan 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, wanda aka tsara ya sarrafa tan 120,000 na shanshera a shekara, ga Labana a Birnin Kebbi, ga matsakaita da ƙanana barjat. Abin da ya raba shinkafar babban kamfani da ta injin ƙauye wata na'ura ce mai tantance launi: shinkafa na gangarowa ta kwararo, kyamarori na kallon kowace ƙwaya, ƙwaƙwalwar na'urar na yanke hukunci kafin ƙiftawar ido, sai wani siririn bututu ya feso iska ya fidda baƙar ƙwaya ko tsakuwa daga cikin dubbai. Ranar da ta ƙi aiki, buhun ya faɗi daraja. Daga nan a leƙa babbar tashar wuta ta TCN da ke Birnin Kebbi, inda layi mai ƙarfin kilobolt 330 ke sauka daga Kainji, wuta ta wuce Sakkwato, wani layin mai 132 kuma ya ƙetara zuwa Yamai tun 1976. Masu gadin irin wannan tasha ƙananan na'urori ne da ke auna wuta ba dare ba rana, su katse layi cikin ɗan lokaci idan sun ga matsala. Gobarar da ta tashi a tashar a Satumban 2023 ta nuna wa mutanen Kebbi da Sakkwato yawan abin da ke rataye a wuri ɗaya. Ga kuma sabon layin 330 da ake shimfiɗawa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu da Malanville. A ƙara da turakun sadarwa da ke tsaye a kowane babban ƙauye da batura da na'urorin cajinsu, da kayan jagorancin jirage a filin jirgin Ambursa, da na'urorin hoton ciki da na tace iskar numfashi a asibitocin Kalgo da Birnin Kebbi, da famfunan sola da suka bazu a fadamu bayan cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023.

Famfon solar nan ya isa misali, tunda shi ya fi kusa da manomin Dangoma. Tsakanin farantan sola da famfon akwai ɗan akwati da ke karɓar wutar da rana ta bayar, ya riƙa laluben inda farantan suka fi ba da ƙarfi, ya juya wutar zuwa irin wadda motar famfon ke ci. Idan akwatin ya mutu a tsakiyar Maris, shinkafa na ɗaukar ciki, mai gyara zai buɗe ya ga kafasito ya kumbura, ya narka dalma ya cire, ya sa sabo, ruwa ya zubo. Ya yi aikinsa, ya ci ladansa halak. Amma baɗi war haka akwatin zai sake mutuwa, saboda wata ƙa'ida da kowane ɗalibin lantarki ke karantawa: kafasito mai ruwa a ciki, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye rabin kwanansa. Ga akwati an kawo shi inda zafin bazara ke haura 40 a inuwa, mai gona kuma ya naɗe shi da buhu don gudun ƙura. Wanda ya yi digiri ya san ƙa'idar, zai ma rubuta lissafinta a allo, sai dai sau da yawa bai taɓa jin ƙaurin fanel da ya ƙone ba, idan aka miƙa masa mita hannunsa rawa yake. Mai gyara ya san ƙaurin, ƙa'idar ce bai sani ba. Injiniyan da ake nema shi ne wanda zai ce a sa kafasito mai jure 105 maimakon mai 85, a matsar da shi daga jikin ƙarfen da ke ɗaukar zafi, a yi wa akwatin rumfa da mashigar iska, sannan ya rubuta wa ɗan kasuwan da ke shigo da kayan irin wanda zai riƙa yin oda. Wannan mutum guda ne mai sani biyu, tsarin karatunmu kuwa raba shi yake yi gida biyu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara mai da wannan lura tsari shi ne Herman Schneider, malamin injiniyanci a Amurka. Ya bi diddigin waɗanda suka gama Jami'ar Lehigh, ya ga mafi yawan waɗanda suka yi fice sun taɓa aikin neman kuɗi kafin su gama karatu. A 1906 ya shawo kan Jami'ar Cincinnati ta bar shi ya gwada da ɗalibai 27, mako guda a aji, mako guda a masana'anta. A Jamus kamfanoni ne suka ja gaba. A 1972 Daimler-Benz da Bosch da Standard Elektrik Lorenz mai ƙera kayan sadarwa suka haɗa kai a Stuttgart, a 1974 aka buɗe makarantun farko a Stuttgart da Mannheim, a 2009 aka dunƙule su suka zama jami'ar DHBW, wadda yau take da ɗalibai sama da 30,000 da abokan hulɗa kimanin 9,000. A can sai kamfani ya sa hannu a kwantiragi da matashi sannan jami'a ta yi masa rajista. Wata uku aji, wata uku aiki, albashi ba ya yankewa. Ingila ta shigo a makare, a 2015, amma ita ce ta fi ba mu darasi ta fuskar kuɗi. Daga Afrilun 2017 duk ma'aikatar da jimlar albashinta ta haura fam miliyan 3 a shekara tana biyan rabin kashi ɗaya cikin 100 a asusun koyon sana'a, daga nan ake biyan kuɗin jami'ar ma'aikacin da ke karatu. Ɗalibin ba ya biyan ko sisi, yana karɓar albashi, doka kuma ta ware masa wani kaso na lokacin aikinsa don karatu, wanda aka fara da ɗaya bisa biyar. Cikin fannonin da aka tsara har da ƙira da haɗa ƙananan kwamfutocin da ake dasawa a cikin na'urori, irin wadda ke zaune a akwatin famfon solar can.

Irin wannan haraji ba baƙo ba ne a nan. Tun 1971 aka kafa Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, kuma ma'aikatun da doka ta hau kansu suna biyansa kashi ɗaya cikin 100 na jimlar albashinsu, ninki biyu ke nan na ƙimar da Ingila ta yanka. Wanda ya horas da ma'aikatansa yadda aka amince yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. A 1973 ITF ta ƙirƙiro SIWES don maganin wannan ciwo da ake magana a kai: ɗalibin injiniya a jami'a ya yi wata shida a masana'anta a aji huɗu, na kwalejin fasaha ya yi wata huɗu, sannan ya yi shekara guda tsakanin ƙaramar difloma da babba. Niyyar kyakkyawa ce, kuma akwai waɗanda suka amfana ƙwarai. Gurguncin tsarin a gininsa yake. Ɗalibin SIWES baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Shi ke yawo da takarda yana roƙon gurbi, kamfanin bai zaɓe shi don wata buƙata tasa ba, ba ya kuma sa ran riƙe shi. Wane shugaban sashe ne zai saki na'ura mai tsada a hannun wanda zai tafi nan da wata biyar? Kafin ya gane inda makunni yake lokaci ya ƙare. Abin da ya rage sai cika littafin rahoto da neman sa hannu da hatimi, da jiran alawus da ya daɗe a kan naira 2,500 a wata. Idan aka juya al'amarin, aka ce kamfanin ne ya tantance shi, yana biyansa, yana kuma lissafin shekara shida da shi, to koya masa ya zama riba. Ogan shagon Kalgo ya fahimci wannan sarai: yana koya wa yaronsa gyara ne domin gobe yaron zai riƙe masa shago.

Sauran kayan haɗin ma suna nan a warwatse. Dokar Ƙwadago ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQF, wanda ke auna ƙwarewar mutum a bakin aikinsa ya ba shi shaida, kuma an ga yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta jawo masu sana'ar kasuwar Panteka cikinsa, lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantarta kafin ya koma NBTE. Kwalejin horas da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta daɗe tana koyar da ma'aikatan da hukumominsu suka turo su koyi na'urorin sadarwa da jagorancin jirgi, haka cibiyar horas da ma'aikatan wutar lantarki ta NAPTIN da aka kafa a 2009 tana da reshe a Kainji. A Disamban 2022 kuma Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 ɗin fili ne babba. Jami'ar da ke tsakiyar fadamun shinkafa za ta iya cewa nata kason a ɗakin injin za a koye shi, malaminta da injiniyan kamfani su ba da maki tare.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan shawara, kuma mafi nauyi, shi ne Kebbi ba Stuttgart ba ce. Babu Bosch a Kalgo, babu masana'antar da ke ƙera fanel a jihar, kuma kamfanin casa ɗaya ba zai iya nuna wa ɗalibi fiye da injinan da yake da su ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya kwafo tsarin Ingila yadda yake, kamfani ɗaya ɗalibi ɗaya, zai yaye mutumin da ya san na'ura uku ya ɗauka ya san duniya. Amma ƙasashen da suka riga mu ma suna da ƙananan kamfanoni, kuma sun samo mafita. A Ostireliya da Suwizalan da Jamus akwai ƙungiyoyin da ke ɗaukar mai koyo a madadin gungun ma'aikatu, su ne iyayen gidansa a takarda, su ke biyan albashi daga karo-karon membobi, su riƙa juya shi daga wannan wuri zuwa wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kamfanonin shinkafa, da TCN, da Kaduna Electric mai raba wuta a Kebbi, da masu kula da turakun sadarwa, da manyan masu haɗa sola, da hukumar asibitoci, da gidajen rediyo da talabijin suka zauna a tebur ɗaya, ɗalibi zai zaga sarrafa injina, da kariyar layin wuta, da sadarwa, da inbata, da kayan asibiti. Wannan faɗi ya fi wanda ma'aikacin babban kamfani ɗaya ke samu. Ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta daga tushe ba za a koye ta a nan ba, kada a yaudari kowa. Wanda zuciyarsa ke can ya nufi Zariya ko Kano ya yi digirin da aka saba, ya wuce digiri na biyu. Guraben ma ba za su yi yawa ba. Ashirin ko talatin a shekara ya isa farawa, Schneider ma da 27 ya fara, kuma gara talatin da kowannensu ke da injiniyan da ke tsaye a kansa da ɗari uku masu shara a harabar kamfani.

Ƙorafi na biyu daga malaman jami'a zai fito, kuma bai kamata a yi masa kallon kishin sana'a ba. Za su ce injiniyanci lissafi ne kafin ya zama sukundireba, cewa nazarin sigina da ƙa'idojin maganaɗisu da lissafin sarrafa injina suna son kai a natse, ba kan da ya kwana a aikin dare ba, kuma abin da za a haifa shi ne makaniki mai kwalin digiri. Suna da abin karewa. A 2023 hukumar COREN, mai rajistar injiniyoyi tun 1970, ta zama cikakkiyar memba a Yarjejeniyar Washington, wadda ke sa ƙasashe su amince da digirin injiniyan juna. A Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta riga Nijeriya. Ba a samu wannan da sauƙi ba, ba kuma za a so a zubar da shi ba. A Ingila ma digirin farko shi kaɗai bai isa kai mutum matakin ƙoli na rajistar injiniya ba, sai ya ƙara karatu. Amsar ita ce kada a rage komai, a tsawaita lokaci. Shekara shida maimakon biyar: biyun farko mafi yawansu a aji, aikin ya zama na hutu, huɗun ƙarshe a raba su. Takardar jarrabawar lissafi ɗaya, zaure ɗaya, mai duba takarda ɗaya da sauran ɗalibai. Wanda ya faɗi ya faɗi, ko da kamfaninsa na yabonsa. Ita yarjejeniyar ma abin da ɗalibi ya iya take aunawa, ba awannin da ya yi a kan benci ba. Shekarar da aka ƙara kuma ba asara ba ce, tunda COREN kan nemi shekara huɗu na gogewa bayan digiri kafin rajista, kuma da hujja a nemi ta lissafa wani ɓangare na aikin da aka yi ƙarƙashin injiniya mai rajista. Akwai wani tarko ƙarami da zai iya kashe shirin tun a zanin goyo: idan aka rubuta shi a sahun karatun wucin gadi, waɗanda suka gama ba za a tura su hidimar ƙasa ba, takardar keɓewa za a ba su, kuma kowa ya san yadda masu ɗaukar aiki ke kallon bambancin. Dole tun farko a rubuta shi cikakken karatu.

Na uku, cewa kamfanoni za su samu lebura mai arha ne, ko kuma akasin haka, su horas da yaro wani ya zo ya ɗauke shi. Duka biyun na faruwa a duk inda ake koyon sana'a, wanda ya taɓa ganin yaron shago ya shekara biyu yana sayo wa oga abinci ya sani. Maganin na farko rubutu ne: jerin ayyukan da dole ɗalibi ya yi da hannunsa kowane zango, malamin jami'a mai zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba, da albashin da ba zai gaza mafi ƙarancin albashi ba, wanda Kebbi ta sa a naira 75,000 a 2024. Kamfanin da ya saɓa a janye ɗaliban, a hana shi mayarwar ITF. Na biyu kuwa ai don shi aka ƙirƙiro harajin tun asali, domin wanda bai horas ba ma ya biya. Sharaɗin yin shekara biyu bayan gamawa ya wadatar.

Wanda ya fi damuna shi ne na huɗu. Duk gurbin da ya haɗa digiri kyauta da albashi, 'ya'yan masu hannu da shuni ne za su fara jin labarinsa. A Ingila binciken gidauniyar Sutton Trust ya nuna 'ya'yan talakawa ba su samu rabon da aka yi zato ba a wannan tsari, wasu kamfanoni ma tsofaffin ma'aikatansu suka riƙa turawa da kuɗin. A ƙasar da ɗan kati daga wani babba ke buɗe ƙofar da jarrabawa ta kasa, abin zai fi muni idan aka bar shi sake. Sannan kafin ma a kai nan akwai shingen farko: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, da makin JAMB. Yaron da ya yi sakandare a inda malamin fiziks ɗaya ne, ko babu, an riga an fitar da shi tun ba a buɗe gasa ba. Idan har Dangoma ake nufi, to a ware kaso na gurabe ga waɗanda suka yi makarantun gwamnati na ƙananan hukumomin karkara, wani kason ga yaran shago masu shaidar NABTEB ko NSQF, a yi musu shekarar share fage ta lissafi da fiziks da alawus. A sa gwajin hannu cikin tantancewa: ga fanel da aka lalata da gangan, ga mita, ga awa guda, nemo inda ciwon yake ka faɗi yadda ka gano. Kati ba ya cin wannan jarrabawa. Haka batun 'yan mata. Uban da ke jin nauyin tura 'yarsa wani gari shekara biyar zai sake lissafi idan wurin aikin asibitin Kalgo ne, tana kwana a gida, ƙarshen wata kuma tana shigowa da albashi. Gyaran na'urar hoton ciki aikin tebur ne da natsuwa, ba ya neman ƙwanji.

Kuɗin ba daga sama zai faɗo ba. NELFUND ta ɗauki shekara biyun farko da ɗalibi ya fi zama a aji, mayarwar ITF ta biya kuɗin makaranta na sauran, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya sayi kayan ɗakin gwaji, kamfanoni su biya albashin watannin da ake yi musu aiki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, asusun ITF da ya haura shekara 50 yana karɓar wannan haraji ba zai rasa yadda zai ɗauki nauyin yara talatin ba. Mai kiran taron kuwa gwamnatin jiha ce, domin ita ke da jami'ar Aliero, ita ke da asibitoci da gidan ruwa, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ikon da ba ya aiwatuwa sai da ma'aikatan da suka san abin. Wannan ba sabon nauyi ba ne a kan mai mulki a wannan ƙasa: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan wan Abdullahin Gwandu, ya lissafa renon masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa.

Abin da zai fi ba da wahala, ina zato, kalanda ce. Jamusawa sun yanka wata uku-uku ne don masana'antun da ke aiki bai ɗaya duk shekara. Aikin Kebbi na bin yanayi: injinan casa sun fi juyawa bayan girbin kaka da bayan na rani, famfunan sola sun fi mutuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, turakun sadarwa da layukan wuta kuma sun fi shan wahala a farkon damina, lokacin iska da aradu. Rabon da ya fi dacewa shi ne aiki daga Nuwamba zuwa Afrilu, aji daga Mayu zuwa Oktoba, a riƙa sakin 'yan kaɗan su bi masu gyaran layi idan hadari ya yi ɓarna. Ma'anarsa ɗalibin zai kasance a kan benci daidai lokacin da ubansa ke neman mai riƙe garma, sai dai a wannan karon daga albashinsa za a biya 'yan ƙwadagon noman fari da maimai. Ma'anarsa kuma majalisar jami'a za ta tsara wa rukuni ɗaya zangon karatu da ya saɓa wa na kowa, malaman sashen su koyar a watannin da abokansu ke hutu, ofishin jarrabawa ya buɗe sau biyu.